Ku Dakace Mu, Yanzu Za Mu Dawo

A tsakiyar dajin Madaci-Bakwai akwai wani dogon ƙarfe da tsuntsu ba ya sauka a kansa. Mafarauta sun ce ko ungulu ce ta nufo shi, sai ta karkace ta bi ta gefe. Sun kuma ce in mutum ya kara kunnensa a jikin ƙarfen da rana tsaka, zai ji numfashin jama'a masu yawa, irin na mutanen da suka yi tsit suna jiran a yi magana. Ni ban ji wannan ba sai bayan da na je na dawo. Da na ji tun farko, ko da igiya ba mai iya ja na can.

Sunana Barira. Kakana, Malam Ɗanlami Sambo, ya shekara goma sha tara yana injiniya a gidan tiransimita da ke gindin ƙarfen nan, wato gidan injinan da ke karɓar maganar rediyo daga birni su watsa ta ko'ina. Shekara ashirin da bakwai ke nan da rufe gidan. Da daminar bana ya ji labarin an sayar wa masu gwangwan ƙarafan, za su zo su yayyanka, sai ya ce lallai zai je ya ga wurin kafin ya zama kufai. Idonsa ya yi yana, shi ya sa aka ce in raka shi.

"Malama sarkin karatu, ajiye littafin nan ki raka mijinki yawo," in ji shi.

Na ce, "Ni ba na auren mai sanda. Kaka, akwai macizai a can?"

"Akwai mana. Amma duk sun yi ritaya kamar ni."

Mota ta sauke mu a bakin titi da hantsi, muka bi wata tsohuwar hanya da ciyawa ta cinye. Tun daga nesa nake hango ƙarfen ya zarce duk itatuwan dajin, igiyoyin ƙarfe masu kaurin hannuna sun riƙe shi ta kowace kusurwa. Abin da ya fara tsinka mini zuciya shi ne shirun wurin. Daji ne kore shar, amma ko kukan kurciya babu.

Ginin kuwa rabin rufinsa ya zube. Injina ne a jere, kowane ya fi ni tsawo, a cikinsu wasu manyan kwalabe masu kama da tuluna. Kaka yana shafa su yana kiran sunayensu kamar ya ga tsofaffin abokai. A can ƙurya akwai wani ɗan ɗaki mai kujera ɗaya, da tebur, da makirfo da ya yi tsatsa, da lasifika a bango, sai wata babbar rediyo mai gilashi da jar allura a kan lambobi.

Ya zauna a kujerar, ya ce, "A nan na yi maganata ta farko kuma ta ƙarshe a rediyo. Wata Laraba ana cikin shirin gaishe-gaishe, layin da ke kawo magana daga birni ya yanke. Dokar aiki ce in haka ta faru in ɗauki makirfon nan in ba da haƙuri. Sai na ce, masu sauraro, a gafarce mu, mun samu 'yar tangarɗa. Ku dakace mu, kada kowa ya tashi, yanzu za mu dawo. Ina rufe baki babban injin ya kama da wuta. Ba a sake gyara shi ba."

Lasifikar nan da gizo-gizo ya yi saƙa a bakinta ta yi gyaran murya.

"Mun dakata," in ji ta.

Muryar mace ce, tsohuwa, mai sanyi. Na duba wayar lasifikar, na ga a tsinke take tana lilo. Sai wasu wayoyin tagulla suka keto daɓen ɗakin kamar tsiron gero, suka naɗe idon sawun Kaka da ƙafafun kujerar. Ya yunƙura, ya kasa tashi.

Muryar ta ce, "Ya kai mai magana, ka ce kada kowa ya tashi, kuma ba wanda ya tashi. Yanzu kai ma zauna. Idan inuwar dogon ƙarfe ta taɓa bakin ƙofar nan, ka zama ɗayanmu, mai kunne ba baki. Sai fa in wani naka ya zo har inda muke ya yi mana sallama."

Kaka ya laluba ya kama hannuna. Ya ce, "Barira, ruga ki bi hanyar da muka zo. Kada ki waiwayo."

Zan so in ce jarumta ce ta hana ni gudu, amma kada in yi ƙarya. Na tuna dajin nan mai shiru, na ga ba zan iya ratsa shi ni kaɗai ba. Sannan na kalli wayoyin, na ga har sun kai masa ƙwauri. Na leƙa waje, inuwar ƙarfen saura kamar taku goma ta iso ƙofa.

Na ce da lasifikar, "Ina ne inda kuke?"

"Murɗa rediyon, 'yar Adam. Ƙasa uku ce tsakaninmu da ke."

Na karanta Ayatul Kursiyyu, na yi tuntuɓe a tsakiya na sake daga farko, sannan na murɗa. Jar allurar ta motsa zuwa mita arba'in da tara. Bangon ɗakin ya zame gefe, Kaka ya ɓace, na tsinci kaina a wata ƙasa mai toka-toka.

Ba sama ba ƙasa a wurin, sai wani yayyafi mai ƙarar shuuu da ke tashi daga ƙasa yana zuba sama. A ƙarƙashin ƙafata jar allurar nan ce ta zama gada, siririya kamar muciya, ta miƙe har inda ido ya gaza. A bakin gadar wani halitta ne tsaye, siriri, jikinsa gaɓa-gaɓa kamar eriyar rediyo. Da ya gan ni sai ya zuge kansa ya yi tsawo har na daina ganin kansa, sannan ya sake shigewa cikin kansa har ya dawo daidai fuskata.

Ya ce, "Ya ke mai ƙafa biyu da inuwa ɗaya, wace tasha kike nema?"

"Ta masu sauraro, ranka ya daɗe."

"To, bi ja kada ki bar ja. Dama da hagu duk tashoshin da suka mutu ne. Wanda ya karkata ya faɗa cikin wata, can zai zauna yana jin labaran da suka wuce har abada."

Na hau. Ni da ko kwalbatin unguwarmu ba na tsallakewa sai na rufe ido. Muryoyi suka taso ta kowane gefe suna shafa fuskata kamar yanar gizo: wani na karanta labarin yaƙin da aka daɗe da gamawa, wata na koyar da girki da harshen da ban taɓa ji ba, wani na ta faɗin ƙarfe nawa ne a garin da ban sani ba. Kowace murya tana jan kunnena, kunnen kuma yana jan jikina. Sau biyu ƙafata na zamewa. Daga ƙarshe na cusa gefen hijabina a kunnuwa, na durƙusa, na bi gadar da rarrafe ina kuka. Ba a haka jarumai ke tafiya a littattafai ba, amma a haka na ƙetare.

Ƙasa ta biyu ita ce mita talatin da ɗaya. Wani baƙin kogi ne ya tare hanya, abubuwa na tsalle a cikinsa kamar kifi. Da na matsa sai na ji ashe guntayen magana ne, waɗanda aka yanke a tsakiya ranar da layi ya tsinke. Ɗaya ya yi tsalle ya ce, "Ina gai," ya nutse. Wani ya ce, "Allah Ya ji," ya nutse. Wani ƙarami ya yi ta maimaita, "Barka da, barka da," bai san da me ba.

Mai fito na zaune a cikin ɓawon wata tsohuwar rediyo, shi ne jirginsa. Ba shi da kalma tasa ta kansa. Da waɗanda matafiya suka bar masa yake magana, kowace kalma da muryar mai ita, ɗaya ta tsoho, ɗaya ta jaririya, ɗaya ta wani mai mura.

Ya ce, "Ba na fito sai da kalma. Ɗaya tak, cikakkiya. In kin ba ni, ta bar bakinki ke nan."

Na tsaya ina zaɓe kamar mai tsintar shinkafa. Ni mai rowar kalmomi ce, duk wadda na tsinta a littafi sai na rubuta ta a bayan littafin lissafina. Na ce a raina, in ba shi wadda ba na bukata kullum. Na zaɓi wata doguwa mai daɗin faɗa da na tsinta bara, na faɗa a tafin hannunsa, ya haɗiye. Ba zan iya gaya muku wace ce ba, don ta tafi. Ya tuƙa ni muka ƙetare, guntayen magana suna cizon jirgin. Da zan sauka ya dube ni, ya ce da muryoyinsa barkatai, "Kin ba da tsada, kin riƙe guba." Ban gane ba a lokacin.

Ƙasa ta uku, mita ashirin da biyar, gari ne babba a cikin kwari. Ina hawa tudun bakin garin na hango mazauna cikinsa.

Dubban halittu ne zaune, kowane da kunnuwa kamar ganyen gwaza, duk sun juya su gefe guda. Bakinsu ya shafe saboda rashin amfani, sai ɗan layi. Ga wata ta ɗaga taɓarya sama da turmi, ba ta sauke ba. Ga wanzami da aska a kan da aka aske rabi, ɗaya rabin gashin ya zubo har ƙasa. Gara ta yi gini a jikinsu har ƙugu. Akwai wata mai goyo, jaririn ya girma a bayanta har ya yi gemu, yana nan cikin zani. Ba mai motsi. Numfashi kawai ake yi, gaba ɗaya, kamar ƙirji guda.

Na ratsa ta tsakaninsu a kan yatsun ƙafa. Duk wanda na wuce, kunnensa sai ya biyo ni. A tsakiyar garin saiwar dogon ƙarfen nan ce ta sauko daga sama ta kafe, a gindinta wata tsohuwa na zaune, ta yafa kunnuwanta kamar mayafi. Ita kaɗai ce mai baki. Ta cikin ƙarfen kuwa ina jin nishin Kaka.

Ta ce, "Ni ce Magajiyar Masu Sauraro. Mun riga ƙarfen nan zama a dajin. Da aka kafa shi magana ta riƙa ratsa jikinmu, muka saba, muka so ta. Mu jinsi ne da magana ke ɗaurewa. Ku 'yan Adam kuna faɗa ku manta, mu in an faɗa mana ta zauna. Me ya kawo ki?"

Na tuna an ce sallama suke so. Na ji sanyi a raina, na ce ashe abin mai sauƙi ne. Na durƙusa, na tattara 'yar muryata, na ce, "Assalamu alaikum."

Layin bakunan nan dubu suka tsage lokaci guda. "Wa alaikumus salam." Ƙasa ta girgiza, na faɗi zaune.

Magajiya ta yi dariya ba sauti. "Sallama biyu ce a harshenku, ta shiga da ta fita. Mu ta fita muke jira, ke kuma kin yi ta shiga. Kin buɗe tasha, 'yar Adam. Wanda ya buɗe shi ke rufewa. In kin rufe daidai, kowa ya tashi, har da kakanki. In kin kasa, ga wuri nan kusa da ni."

Wani makirfo ya tsiro daga ƙasa a gabana kamar naman kaza. Na ji sanyi a ƙafata, na duba, gara ta fara gini a kan yatsuna.

"An yanke mu ana cikin gaisuwa," in ji Magajiya. "Fara da ita. Wanda duk aka tsallake ba zai tashi ba."

Ni da in malami ya ce in tashi in yi karatu a aji sai muryata ta maƙale, yau ga dubban kunnuwa. Ban san sunan ko ɗaya ba. Sai na tuna yadda masu bugo waya gidan rediyo ke yi in lokaci ya ƙure musu. Na kama makirfon da hannu biyu.

"Ina gaida na kusa da na nesa. Ina gaida wanda na sani da wanda ban sani ba, mai suna da marar suna, mai daka da mai aski, mai goyo da abin goyonta. Wanda ban ambata ba, kada ya ce an manta da shi, gaisuwar tasa ce."

Kunnuwan suka kaɗa kamar iska ta bi gonar gwaza. Magajiya ta gyaɗa kai. "Ta isa. Yanzu rufe."

Na ji ƙarfi ya ɗan zo mini. Na ce, "To, masu sauraro, a nan muka kawo ƙarshen shirin namu. Sai..."

Duk kunnuwan suka miƙe tsaye. Na ga Magajiya ta matso, idonta na ƙyalli. Na datse bakina.

"Ƙarasa mana," ta ce a hankali. "Sai yaushe?"

A nan na gane maganar mai fito. Sai gobe. Sai an jima. Sai wata rana. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Na bi duk ban kwanan da na sani, na ga kowane alkawarin dawowa ne. In na ce sai gobe, za su zauna har gobe, Kaka zai zauna tare da su, ni kuma dole in dawo in sake buɗewa, in sake cewa sai gobe, har in tsufa a gindin ƙarfen nan. Da wannan 'yar kalmar ta "sai" na bai wa mai fito, da yanzu ba ta kama ni ba. Ga shi na riga na furta ta, tana rataye a iska, ba ta komawa ciki.

Gara ta kai mini gwiwa. Ta cikin ƙarfen na ji Kaka yana kiran sunana, muryar ta shaƙe, alamar wayoyin sun kai wuya.

"Sai yaushe, 'yar Adam?"

Na ce, "Sai... sai haƙuri."

Wani gunaguni ya ratsa garin. Wannan ai maganar gidan makoki ce. Na ci gaba da sauri kafin tsoro ya ƙwace mini harshe.

"Sai haƙuri, masu sauraro, don tashar nan ta rasu. Kakana bai yi muku ƙarya da gangan ba, ya faɗi abin da ya zaci gaskiya ne, injin ne ya ƙone a hannunsa. Ba za mu dawo ba, yau ko gobe ko wata rana. Kun yi zaman da ba wanda ya taɓa yi wa wani, mun gode, Allah Ya saka."

Na tsaya. Ba wanda ya tashi. Na ba da haƙuri, na yi godiya, amma ban sallame su ba. Ina neman ban kwanan da ba shi da igiya a jiki, kaina ya zama fanko. Duk littattafan da na karanta ba wanda ya zo ya cece ni. Abin da ya zo mini shi ne Ummata tsaye a bakin zaure, ta rako baƙi, tana gyara mayafi.

Na ce, "Ku tashi. Ku gai da gida."

Sai daga can bayan gari na ji tim. Taɓaryar nan ce ta sauka a turmi.

"Za su ji," in ji dubban bakuna.

Ginin gara ya riƙa farfashewa. Masu sauraro suka miƙe, ƙasusuwansu na ƙara kamar ana karya kara. Mai goyo ta kwance zani, gemun ɗanta ya taɓa ƙasa, ya yi takunsa na farko. Suka watse cikin itatuwa ƙungiya-ƙungiya, garin ya dusashe kamar tashar da ke ɓacewa, ƙarar shuuu ta rufe ni.

Na buɗe ido a ɗan ɗakin. Wayoyin sun zube a ƙasa sun zama tsatsa. Inuwar ƙarfen saura tafin hannu ta taɓa ƙofa. Kaka ya miƙe yana tari, wuyansa duk shaidar waya. A waje wata kurciya ta yi kuka.

Ya ce, "Malama, ashe kin iya gabatar da shiri."

"Kaka, don Allah mu tafi."

Na miƙa masa sandarsa, na kama hannunsa. Mun kai bakin ƙofa ke nan lasifikar ta sake gyaran murya. Magajiya ce. Ita ba ta tafi ba.

"Barira, jikar mai magana," ta ce, da murya mai taushi irin ta kakar da ta rako jikarta. "Muryarki ta yi mini daɗi. Allah Ya yi miki albarka. To, sai wata rana."

Kaka mutumin kirki ne, bai taɓa barin gaisuwa ta faɗi ƙasa ba. Na ga ya buɗe baki, "To, sai..." Na kai hannu na toshe bakinsa da ƙarfin da ban san ina da shi ba. Ni ma amsar ta taso mini har kan harshe, don tun ina ƙarama aka koya mini in babba ya yi ban kwana a amsa. Na cije harshen har na ji gishirin jini.

"Sai wata rana, Barira," ta sake cewa. "Ba a koya miki amsawa ba ne?"

An koya mini. Hawaye na zuba, hannuna ɗaya a bakin Kaka, ɗaya a nawa, muka fita. Muka bi hanyar ciyawar nan muna tuntuɓe, muryar na biye da mu ta cikin itatuwa, ba faɗa ba tsawa, tana dai faɗa tana jira, tana faɗa tana jira. Har muka kai bakin titi tana faɗa, har muka kai ba mu amsa ba.

Iyakar abin da ya same mu ke nan a dajin Madaci-Bakwai. Ku da kuka zauna kuka ji, na gode. Ku gai da gida.